Alhamis Biyun da Ban Tace Randa Ba

Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan ƙanena Hamza, Allah Ya ji ƙansa, wannan babin naku ne ku duka, kuma saboda shi na sa aka sayo mini littafi da biro tun farko. Sauran abin da na rubuta, haihuwata da aurena da shekarun da na yi a Bahri ina leƙa magudanan masana'antu, duk share fage ne. Na ji labarin da kuke bayarwa a kaina. Ran sunan jikata na ji babbar 'yata Maryama tana gaya wa baƙi, rabi da Hausa rabi da Larabci yadda kuka saba, wai ubanta a wurin aiki ba sani ba sabo, har randar gidan uwarsa ya zubar saboda doka. Baƙi suka yi ta jinjina kai suna kallona, ni kuma na sunkuya ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi. To ku buɗe kunne. Randa dai ni na zubar da ita, wannan gaskiya ne. Amma ba doka ce ta sa ni ba, kishin ƙanena ne.

Sai na fara gaya muku mece ce randar, don ƙananan cikinku ba su san asalinta ba. Kakanmu na wajen uwa, wanda kowa ke kira Malam Babba, da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano ya nufi Makka. Yana tafe yana noma, yana koyar da karatu, yana ɗinkin hula, har ya isa, ya sauke farali, ya juyo. Da ya zo Omdurman ta ƙasar Sudan ƙafa ta ce ta gaji, ya zauna, ya yi aure, aka haifi Inna. Abin da ya dawo da shi daga Makka bai wuce 'yar gora ɗaya ta ruwan Zamzam ba. Bai raba shi kurɓi-kurɓi yadda alhazai ke yi ba. Sai ya sayi randa irin ta nan, doguwar nan mai tsinin gindi da Larabawa ke kira zir, ya kafa ta a ƙofar gida don masu wucewa su sha sadaka, abin da ake cewa sabil. Ya juye gorar a ciki, ya cika da ruwan Nilu, ya bar wasiyya guda: kada a bari ta ƙare. Kullum a ƙara ruwa a kan na jiya, yadda duk wanda ya sha zai sha da ɗigon Zamzam a ciki ko yaya yake. Randa ta tsufa an sauya ta ba sau ɗaya ba, amma sai an juye tsohon ruwa cikin sabuwa. Da muka tashi daga cikin gari muka koma Umbadda, lokacin ana hangen ƙarshen gidaje daga ƙofarmu, a kan cinyarta Inna ta riƙe ruwan nan cikin tulu a bayan amalanken jaki, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Ko malamai sun yarda da wannan lissafi na Malam Babba, ban sani ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Abin da na sani, ana zuwa a ɗebar wa mata masu naƙuda, kuma direbobin motar haya kan tsaya su sha su yi wa tsohon addu'a.

Ni kuwa aikina, kamar an shirya, zubar da ruwa ne. Ma'aikacin hukumar lafiya da tsabtar muhalli ta jiha ne ni, wadda kowa ke taƙaita sunanta ya ce Sihha. Alhazan Najeriya in na gaya musu aikina sai su ce, au, ashe duba-gari ne. Ku yanzu in an ce Sihha ba ku tuna komai sai masu tambayar matan shayi ina katin lafiyarsu. Aikin ya wuce nan. Akwai masu zuwa mayanka da sassafe su duba hanta da huhu kafin a buga wa nama hatimi. Akwai masu gwada lafiyar masu sayar da abinci, tun daga mai agashe har mai gidan burodi. Akwai masu shara, da masu bin masai, da masu shiga Mantiƙa Sinaiya, wato unguwar masana'antu, su hana masu gareji tuttula baƙin mai a kwata. Mu ne a can ƙasa, 'yan sauro. Kayan aikinmu kaki, da farin ludayi mai dogon mariƙi, da ɗan madubi a aljihu, da gwangwanin mai a kafaɗa. Kowa da unguwarsa, kowace rana da layinta. Mu bi kududdufi, da inda bututu ya fashe, da tsohuwar taya, da ramin masu buga bulo, mu tsoma ludayi mu duba. In ruwan kwance ne a fili, mu zuba mai ya shimfiɗu a kai, tsutsar sauro ta rasa numfashi. In randar sha ce ba a zuba mata komai, dokarta ɗaya: a kwashe, a goge, a kife ta bushe, sau ɗaya a mako. Kada wanda ya zagi aikin nan a gabana, ko bayan ya gama karanta wannan. Na ga unguwa kafin mu shiga, na gan ta bayan mun shiga, na kuma san iyayen da suka daina kai ƙananan gawa maƙabarta.

To kun ga inda na tsaya. Doka ta ce a kwashe, Malam Babba ya ce kada ta ƙare, ga shi layin gidanmu cikin rabona yake. Sai na samo dabara. Kowace Alhamis bayan la'asar in zo da farin ƙyalle, in ninka shi huɗu a bakin baho, in kwashe ruwan randar kaf in tace. Sannan in sa soso in goge cikinta har gindi, don sauron randa a jikin yumɓu yake liƙa ƙwansa, daidai inda ruwa ya tsaya. In ɗauraye da ruwan zafi, in mayar da tataccen ruwan. Haka ma ƙwaryar da ake ajiyewa a ƙarƙashi, wadda ke tarar ɗigon da ke tsatsowa daga gindin randar, in tace nata in mayar ciki. Murfin katako ni na sassaƙa shi da hannuna, na naɗe bakinsa da tsumma har ko iska sai ta yi sallama. Shekara goma sha ɗaya ina wannan. Mufattishai nawa, wato manyanmu masu zuwa duba aikinmu, suka tsoma ludayi a randar nan, babu wanda ya taɓa fitowa da tsutsa ɗaya. Babu kuma wanda ya taɓa ce mini sannu.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma Inna ta riƙe al'adar gidan ubanta da hannu biyu. Ba ta kiran sunana. Ba ta kallon idona, ba ta yabona, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ina yaro sunana "wancan", da na sami aiki na zama "mai kaki". Na san kunyar ɗan fari ce, an gaya mini tun ina ƙarami, an ce haka ake yi wa kowane ɗan fari a ƙasar da kakanmu ya baro. Amma ni ba a can na tashi ba. A nan na tashi, inda maƙwabciyarmu Balarabiya da sunan ɗanta na fari ake kiranta, tana rungume shi a tsakiyar titi ga shi da gemu har ƙirji. Na san al'adar a kai, amma zuciyata ba ta taɓa yarda da ita ba. Ga kuma Hamza, auta, wanda sunansa ba ya barin bakinta. Hamza ya ci? Hamza ya dawo? A rufe wa Hamza nasa kada ya huce. Allah kuma Ya buɗa masa. Ya fara da tallar turare a kasuwar Omdurman, kafin a ce me ya yi shago, ya yi gida kusa da namu. In ya shigo, jallabiya fara ƙal, tsakar gida ta ɗauki ƙamshin sandal. In na shigo, kaji ma sai sun matsa. Abin da ya fi ci mini rai, yaron nan ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero da zan kama in ce ga dalilina. In ya gan ni sai ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Da ma ya taɓa yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na sami inda zan sauke abin da ke cikina.

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi ƙarfi, Umbadda ta zama taɓo, zazzaɓi ya shiga gida-gida. Cikin haka Hamza ya ce rumfar karan sabil ta ruɓe, zai gina ta bulo. Ya gina, ya shafa mata koren fenti, ya sa maƙeri ya ƙera wa randa sabon mazauni, ya ɗaura kofuna da sarƙa. Ya cire murfina na katako, wai ya yi baƙi, ya sa na ƙarfe mai walƙiya. Kallo ɗaya na yi wa sabon murfin na ga bai zauna daidai ba, ta gefen bango akwai kafar da ɗan yatsa zai shige. Na bar shi yadda yake. Ran Juma'a aka yi walima a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Ana cikin ci sai Inna ta fito bakin ƙofa, tsofaffin ƙawayenta a bayanta, riƙe da tsohuwar moɗar Malam Babba, wadda da ita yake ƙara wa randa ruwa. Ta ce:

"Hamza, zo ka karɓa. Daga yau randar Malam tana hannunka. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka."

Wuri ya ɗauki amin. Liman ya ce ai daga yau sabilun Hamza ne, ladansa da na kakansa sun haɗu. Ni ina tsaye da buta ina zuba wa baƙi ruwan wanke hannu. Sai wata tsohuwa daga bayan Inna ta ce:

"To shi babban fa? Ba a sa masa tasa albarkar?"

Inna ta kau da fuska ta ce:

"Mai kaki dai ya riƙa wanke hannu kafin ya taɓa kofunan nan, warin mai yake."

Aka yi dariya. Har ni na taya su, don in ban yi ba sai a gane. Shekara goma sha ɗaya na durƙuso da soso, an saye su da gwangwanin fenti ɗaya. Bayan baƙi sun watse ina naɗe tabarmi, Hamza ya zo da moɗar a hannu, yana juya ta kamar za ta cije shi. Shi bai taɓa ganina ina tacewa ba, don ran Alhamis kasuwa ke cika, ba ya dawowa da wuri. Ya ce:

"Yaya, ni fa ban san kan randar nan ba. Akwai abin da ake yi mata ne ban da ƙara ruwa?"

Na ce:

"Me za a yi wa randa? Ka zuba mata ruwa ta zuba maka lada. Ai kai mai sa'a ne."

Ya yi dariya ya ce:

"Allah Ya bar mu tare, Yaya."

Ku lura da wannan da kyau, don nan ne laifin ya fara. Ni na san kwanakin sauro yadda manomi ya san kwanakin gero. Na san a irin zafin nan kwana biyu ƙwai ya fashe, mako guda tsutsa ta ƙoshi, kwana goma ta yi fiffike. Na san macen sauro za ta sami kafar murfin nan kafin ni in kai gida. Na kuma san masu sha ba za su gani ba, don cikin randa duhu ne, kuma tsutsa in ta ji an taɓa murfi ko inuwa ta faɗo mata sai ta nutse ƙasa ta lafe. Alhamis ta farko ta zo, la'asar ta yi, ƙyallena yana rataye a igiya. Na wuce shi na tafi wurin mai shayi na zauna har magariba. Daga nan nake hango sabil. Ina ganin mutane suna tsayawa, su sha, su ɗaga hannu, na san sunan wa suke ambata. Kowane kofi da aka sha sai in ji kamar daga jikina aka ɗiba. Da kwana tara suka cika na biyo ta wurin da rana tsaka, ba kowa a layi, na ɗaga murfin a hankali, na tsaya ban motsa ba, na karkata madubina hasken rana ya faɗa ciki. Ga su nan suna wutsil-wutsil, manya da ƙanana. Na ji daɗi. Wallahi na ji daɗi, irin wanda ban ji ba ran da aka ba ni aiki. Na san zazzaɓi na kwantar da mutane a layin nan, na san abin da zai tashi daga randar nan ba zai tambayi gidan wa zai shiga ba. Na mayar da murfi yadda na same shi, da kafarsa.

Alhamis ta biyu na dawo gida bayan magariba, uwarku Rakiya ta ajiye mini tuwo. Ita 'yar masu tsinkar auduga ce a Jazira, ba ta iya zagaye magana ba. Ta zauna a bakin gado ta ce:

"Malam, na je gaida Inna. Ta tambaye ni ko mai kaki ba shi da lafiya ne, wai Alhamis biyu ke nan ba ta ji ƙarar sosonsa ba."

Na ce:

"Randa ai ta yi sabon mai ita."

Ta ce:

"Ta ce mini kuma, muddin wancan yana unguwar nan ita ba ta da fargabar randa. Ka ji dai abin da ta ce."

Na ce:

"Na ji. Ni ne jakin ɗaukar ruwa, wani ne mai suna."

Rakiya ta dube ni ta ce:

"Ka ci tuwonka, Malam. Amma abin da kake dafawa a ciki ya fi shi zafi."

Yau da na tsufa na san abin da Inna ta aiko mini ke nan, yabon da bakinta ba zai iya faɗa a gabana ba, ta bi da shi ta bakin suruka. A lokacin kuwa kishi ya toshe mini kunne. Abin da na ji kawai shi ne, ashe ta sani, ta san wanda ke durƙuso, amma ta miƙa wa Hamza moɗa a gaban jama'a. Sai abin ya ƙara ci.

A makon nan aka turo mana sabon mufattishi, wani dogon mutum mai tabarau, ba shi da wasa amma ba azzalumi ba ne. Saboda zazzaɓi umarni ya sauko cewa duk randar da aka sami tsutsa a zubar nan take, babu jan kunne. Ran Litinin da safe ya ce da ni zai zaga, ya tambaye ni wane layi ne na yau. Layinmu ranarsa Laraba ce. Na ce masa layinmu. Na kuma san daidai wannan lokaci Hamza ke zuwa ƙara ruwa da hannunsa kafin ya tafi kasuwa, don tun da aka ba shi moɗa bai taɓa aiko wani ba. Muka same shi kuwa, ya naɗe hannun jallabiya, fuska sai annuri. Ya gaida mufattishi, ya gaya masa tarihin randar da alfahari, ya ce ya duba son ransa. Mufattishi ya tsoma ludayi ya ɗago. Ruwa garau, don motsin ƙara ruwa ya kore su ƙasa. Ya gyaɗa kai, ya sa wa Hamza albarka, ya juya zai wuce. Allah Ya ba ni ƙofar fita a buɗe, 'ya'yana. Da na yi shiru da mun wuce, da la'asar in zo da ƙyallena, babu wanda zai sani har abada. Sai na ji bakina yana cewa da Larabci:

"Ustaz, a ɗan dakata ruwan ya kwanta. Irin wannan randa sai da madubi."

Muka tsaya. Hamza yana murmushi, yana ganin yayansa na nuna ƙwarewa ne. Da ruwa ya natsu na karkata madubi. Mufattishi ya leƙa, ya ɗago, ya cire tabarau ya ce:

"A zubar."

Hamza ya leƙa shi ma. Ban taɓa ganin fuska ta canza haka ba. Ya ce:

"Don girman Allah, Ustaz, a bar ni in ɗebi kofi ɗaya in tafasa. Ruwan kakanmu ne, bai taɓa yankewa ba."

Mufattishi ya buɗe baki zai amsa, kuma har gobe na yi imani da barin sa zai yi, don na ga idonsa ya yi laushi. Ban jira ba. Na rungumi randar, na cire ta daga mazauni, na kifa ta a ƙasa gaba ɗaya. Ruwa ya malale a yashi. Hamza ya yi tsalle da moɗa yana tarar iska. Sai idonsa ya kai kan ƙwaryar da ke ƙarƙashi, wadda ta tari ɗigon gindin randa, ruwan da yumɓu ya riga ya tace, babu ko ƙura a ciki. Nawa idon ya riga nasa. Na sa ƙafa na ture ta. Wannan babu wanda ya ce in yi, ba mufattishi ba, ba doka ba.

Ihun mata ya fito da Inna. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban jiƙaƙƙen yashi, da Hamza durƙushe a taɓo yana danna moɗa a ƙasa ko ruwa zai taru. Wani dattijo maƙwabcinmu, don ya sanyaya abin, ya ce:

"A yi haƙuri, Inna. In ruwa ya zube ya bar tulu ai ya yi kyau."

Ta ce:

"Tulu a kasuwa ake sayen sa, Malam."

Sannan ta ɗago ta dube ni. Cikin ido, sosai, ba ta ƙifta ba. Shekara kusan arba'in ina neman kallon nan, ranar na same shi, kuma da na san irinsa ne da ban nema ba. Ta juya ga Hamza ta ce:

"Tashi, auta, ka ɓata rigarka."

Kun san abin da na ji a lokacin? Ba nadama ba tukuna. Na ga ta kama hannunsa tana kakkaɓe masa taɓo, sai na ji kishin wannan ma. Na zubar da ruwan kakana don in ga an daina lallashinsa, sai ga shi na ƙara masa wani lallashin. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce, ni na gani da idona a ƙofar gidanmu.

Amma a unguwa labari dabam ya tashi. Aka ce randar da ta yi shekara da shekaru lafiya, mako biyu a hannun ɗan kasuwa ta yi tsutsa. Aka ce fenti ya sani, bai san amana ba. Mata suka daina zuwa ɗebar wa masu naƙuda. Ni kuwa aka ce ga mai gaskiya, wanda bai ƙyale gidan uwarsa ba. Mufattishi ya rubuta yabona ya kai sama, da wannan takardar aka ɗaga ni daga ɗan sauro aka kai ni Bahri sashen duba masana'antu. Gidan da kuka tashi a ciki, da makarantar da kuka yi, duk daga bakin randar nan suka fito, ku sani. Hamza ya ci gaba da cika sabil har ƙarshen ƙarfinsa, yana kwashewa yana kifewa duk mako yadda doka ta ce, amma in an ce sabilun Hamza sai ya sunkuyar da kai. Bayan shekara biyu ya je Makka ya dawo da Zamzam jarka guda, ya kawo gaban Inna ya ce a sake farawa. Ta sha, ta sa masa albarka, ta ce:

"Zuba, auta, Allah Ya karɓa. Amma wannan naka ne. Na Malam ya tafi."

Inna ta san komai, don ita ta ƙirga Alhamis biyun nan kafin kowa. Ta rayu shekara bakwai bayan haka ba ta gaya wa Hamza ba, ba ta gaya wa kowa ba. Ta bar autanta da ta fi kira ya ɗauki zargi, ta rufa wa wanda ba ta kiran sunansa asiri. Na daɗe ban gane wanne ne a cikinmu ta zaɓa a wannan ba, da na gane kuma ta riga ta rasu. Rakiya ma ta tafi da shi a ciki. Sau ɗaya kawai, ran da na kawo takardar ƙarin girma ina murna, ta ce in ajiye ta inda ba za ta riƙa gani ba.

Saura abu ɗaya in ajiye biro. Moɗar Malam Babba tana cikin akwatina, ƙarƙashin tsohon kakina. Maryama, ki kai ta gidan baffanku tare da littafin nan, ki karanta musu da bakinki, kada ki gyara ko kalma ɗaya. Ga yadda ta zo hannuna. Da ciwon Hamza ya yi tsanani aka dawo da shi gida daga asibiti, na shirya na ce yau zan faɗa masa. Tun daga Bahri har na haye gada ina maimaita maganar a cikin mota. Na same shi da la'asar a kan gado a inuwar rumfa, ya rame, jallabiyar dai fara ƙal. Ya sa 'ya'yansa suka ba mu wuri. Na zauna, na gyara murya. Kafin in ce uffan ya zaro moɗar daga ƙarƙashin matashi ya ɗora a hannuna, ya riƙe hannun da nasa biyu ya ce:

"Yaya, shekara talatin ina son in roƙe ka wani abu, kunya ta hana ni. Sakacina ne ya sa ka zubar da ruwan kakanmu da hannunka, a gaban Inna. Na san abin da ya ci maka a rai. Ka yafe mini kafin in tafi."

Yana kallona yana jira, hawaye na bin gefen fuskarsa. Maganar da na ɗauko tun daga Bahri tana nan a kan harshena, babu abin da ya rage sai in sake ta. Na buɗe baki, na ce:

"Na yafe maka, Hamza."

Ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna, ya gyara kwanciya.